Taƙaitawa: ɗaukar dogon sigina da dijitaiza mai ƙaramin memori

'Yan uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda za a ɗauki dogon sigina da dijitaiza, wato na'urar da ke mayar da sigina zuwa lambobi, idan memorinta ƙarami ne.

1. Kowa ya yarda a fara da lissafi. Samfur (wato awon sigina ɗaya-ɗaya) miliyan 100 a daƙiƙa, kowanne bit 16, megabayit 200 ke nan a daƙiƙa a tasha guda, wato mashigar sigina ɗaya. Memorin gigabayit 1 daƙiƙa biyar kacal zai ɗauka. Tasha biyu kuwa, rabin haka.

2. Mafi yawa sun ba da shawarar tsarin FIFO, wato abin da ya fara shiga shi ke fara fita: na'urar na ɗauka tana turawa kwamfuta nan take, memorinta ya zama wurin jira kawai. Sai dai dole hanyar da ke haɗa na'urar da kwamfuta ta fi saurin ɗaukar. PCIe, mahaɗin da ke cikin kwamfuta, na iya wannan, USB 2.0 kuwa da ƙyar yake kai megabayit 40 a daƙiƙa. Da zarar kwamfutar ta shagala da wani aiki, wurin jiran ya cika, samfura su zube. Shi ya sa aka ce a riƙa duba alamar cikowa bayan kowane ɗauka.

3. Sigina mai zuwa jefi-jefi, irin na radar, a raba memorin kashi-kashi, a ɗauki bugun kawai tare da lokacinsa.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a rage saurin samfur zuwa ɗan sama da ninki biyu na mitar da ta fi girma, bayan an tace siginar. Wasu suka ce abin da aka zubar ba ya dawowa, gara a ajiye shi ɗanye. Ni na fi karkata ga na farko.

5. Kan inda za a ajiye bayanan a kwamfuta, RAM (memorin aikinta) ko faifan NVMe (faifan ajiya mai sauri), ma ba a daidaita ba. RAM ya fi sauri, faifai ya fi ɗaukar kaya.