Ku da kuka bar giya, wane ƙaramin abu ne yake sa ku godiya yanzu?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani a kansa, wanda wani zai ɗauka ba komai ba ne amma kai ka san daga inda ka fito. Ni nawa kofin shayi ne. Da can da safe hannuna rawa yake yi har sai na kora, in na je teburin mai shayi sai na riƙe kofin da hannu biyu ina waige waige kar a gane, yanzu da hannu ɗaya nake ɗauka ko ɗigo baya zuba, wlh kullum sai na yi hamdala a raina.

Direban Jos:
Allah ya ƙara lafiya ɗan uwa. Mu a tasha giyar 'yar ledar nan ce ta kashe mu, ka ce sanyin Jos ne bari ka ɗan ɗumama jiki, kafin dare kuɗin da ka yi wuni kana nema sun tafi. Abin da yake sa ni ƙwalla yarana ne, da in sun ji ƙarar motata ɗaki suke shigewa, yanzu da gudu suke fitowa suna oyoyo Baba suna ƙwace ledar biredi, ƙaramar har aljihuna take lalubawa.

Maman Biyu:
Ni ban sha ba, maigidana ne, amma ku bar ni in sa baki don akwai abin da nake so a sani. Shi rana ɗaya ya yanke a gida ba tare da ya ga likita ba, bayan kamar kwana biyu zuwa uku sai zufa da kakkarwa, baya barci, yana cewa ga abubuwa nan suna tafiya a bango, dangi suka ce iska ce a kira mai ruƙya, wata maƙwabciyarmu nas ita ta ce a'a maza asibiti. A asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna likita ya yi mana bayani cewa wanda jikinsa ya saba da giya sosai in ya tsaya farat ɗaya zai iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai, akwai magani da ake bayarwa na kwanakin farko da bitamin B1. Dan Allah mai niyyar bari ya fara ganin likita, ba abin kunya ba ne. Godiyata kuwa ƙarar buta ce da asuba, in ji motsinsa a tsakar gida yana alwala tun kafin in tashe shi.

Yaron Zonkwa:
Mama sannu da ƙoƙari. A wajenmu burkutu yana cikin komai, biki, gayya, ranar kasuwa, in ka ƙi karɓar ƙwarya sai a ce girman kai ne. Ni ɗanɗanon abinci ne ya dawo min, ran nan mamata ta yi gwaten acca na cinye na nemi ƙari, ta tsaya tana kallona. Kuma na koma mawaƙan coci, muryar ta fara fita.

Baƙo daga Maraɗi:
Ni kam na koma na sha a satin da ya wuce, ina karanta naku ina jin kamar ba ni da wuri a nan.

Malam Na Gwammaja:
Kana da wuri ɗana. A Bukhari akwai sahabin da ake ta kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Yadda ka iya buɗe baki ka faɗa mana ma abin godiya ne.

Ɗan Fagge:
Gsky ne Malam. Ɗan uwa na Maraɗi, wane lokaci ne abin ya fi taso maka? Ni tsakanin magariba da isha ne, shi ya sa bana zama ni kaɗai a lokacin. Turo min saƙo yau in an idar da magariba mu yi hira har ya lafa.