Giwan ruwan da zai ci gasa a Argungu: yaya ake gane shi?

Bakabe: Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada na Argungu ranar babban su ya san yadda abin yake: a harba bindiga, dubban masunta su faɗa ruwa da homa da gora, kafin awa guda an fara jawo giwan ruwa zuwa wajen awo. A 2005 kifin da ya ci kilo 75 ne. A 2020 na ɗaya kilo 78, na biyu 75, na uku 70. Kilo uku kacal ya raba na ɗaya da na biyu, ga shi kyautar har da mota da kujerar Makka. Masu sana'a, ku faɗa mana abin da idonku ya gani: me ke nuna kifi ya isa a kai shi sikeli, me kuma ke nuna na wannan ruwan ne?

Tsohon Basarke: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsawo shi ka ruɗin mutane. Yauni yana iya kai tsayin mutum, amma siriri ne, in an ɗora shi bisa sikeli sai ka ga bai kai rabin giwan ruwan da ya fi shi gajarta ba. Kauri ake dubawa, daga bayan kai zuwa tsakiyar ciki. In ka rungume kifi hannuwanka ba su haɗu da sauƙi ba, to ka kira mataimaka. Manyan nan da kuke gani galibinsu mata ne, namiji bai cika kai nan ba. Wajen fito da shi, a zura igiya ta baki ta fito ta kunne. Kada wanda ya sa hannu tsirara a gefen kunnen, akwai ƙaya mai kaifi a wurin, haka ma ta gadon baya.

Mai Sikeli: Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai lissafin da ke tabbatar da maganarsa. Ɗauki tef ɗin tela. Auna tsawo daga baki zuwa wutsiya da santimita, sannan ka zagaya wurin da ya fi kauri. Ninka kaurin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 29,000. Kifi mai tsawon 150 da kaurin 115 zai ba ka kusan kilo 68. Rage kaurin zuwa 100 ba tare da ka taɓa tsawon ba, sai ya faɗo kusan 52. Kintace ne kawai, amma yana hana gardamar banza.

A wajen awon kansa abubuwa uku ne ke ɓata aiki. Sikelin rataye da ba a mayar da allurarsa sifili ba bayan an saƙala igiya ko buhu, sai a ƙirga jiƙaƙƙen buhu a matsayin kifi. Wutsiya tana taɓa ƙasa, ko wani ya tallafe kifin da hannu, sai nauyi ya ragu. Sai kuma karanta lamba kifi yana lilo. A jira allura ta tsaya cak, a faɗi lambar da ƙarfi, a rubuta. Kuma sikeli ɗaya ya auna kowa, domin biyu ba lallai su yi daidai ba.

Hajiya Mai Banda: Malamai, ku bar mana maganar sabo da kwanan kifi, mu muke saye kullum. Mutuwar giwan ruwa ba ita ce shaida ba, don ba tarwaɗa ba ne, da ya bar ruwa ba ya daɗewa. Abin tambaya shi ne yaushe ya mutu. Ɗaga murfin kunnen: na yanzu jan cikinsa jawur yake, yana sheƙi. Wanda ya kwana ya koma ruwan ƙasa ko fari-fari, da yauƙi mai kauri. Idon sabo a cike yake, baƙi garau da zoben rawaya, na kwana kuwa ya yi hazo ya faɗa ciki. Danna yatsa a gadon baya, in gurbin ya tsaya bai cike ba, an gama magana. Kifin da aka ce yanzu aka kama, amma ya sandare kamar itace, shi ma a bincike shi. Wanda aka ajiye a ƙanƙara yana iya ɓoye wari, sai dai hannu zai ji sanyi a cikin bakinsa da cikinsa wanda bai yi daidai da ruwan kogin ba. Irin wannan maguɗi ne asirinsa ya tonu a gasar Argungu ta 2008, lokacin da aka karɓe kyautar daga wanda aka fara bai wa, bayan an gano kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi. Ni a ganina kamata ya yi a duba kunne tun kafin a ɗora kifi a sikeli, kada a bari sai an yi shela mutane sun watse.

Mazaunin Texas: Hajiya, a nan Amurka masu gasar kifin bass sun bi ta wata hanya. Kwale-kwalen kowa yana da tankin ruwa mai famfon iska, ana kawo kifi biyar mafi nauyi da ransu, a auna, a mayar ruwa. Wanda ya kawo matacce ana rage masa nauyi. Akwai kuma kyauta ta daban ga kifi ɗaya mafi girma. Girman kam ba a haɗa shi da namu: bass mai faɗin baki mafi nauyi da aka rubuta bai wuce kilo 10 da ɗan ɗoriya ba, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, sai wani a tafkin Biwa na Japan a 2009 da ya yi kunnen doki da shi. Su maguɗinsu a cikin tumbin kifi ake yin sa. A 2022, a wata gasar kifin walleye a tafkin Erie, alƙali ya ga nauyi ya fi ƙarfin tsawo, ya tsaga cikin kifayen, sai ga dunƙulen darma. Har kotu maganar ta kai.

Mai Sikeli: To a nan lissafin tef ke da amfani na biyu. In tef ya ce 55, sikeli ya ce 66, a matsa cikin kifin daga ƙasan kunne zuwa baya. Ƙwai da abincin da ya haɗiye suna da laushi, dutse ko ƙarfe kuwa hannu zai ji shi yana motsi. In an yi shakka, a tsaga a gaban mai kifin da shaidu, bayan an rubuta nauyin farko.

Tsohon Basarke: Ku ƙara da duban jiki. Kifin homa ɓawonsa ke gogewa a gefe. In kun ga hudar ƙugiya a leɓe ko zanen zaren taru ya zagaye bayan kai, to ba da homa aka kama shi ba.