Idan na'ura ce ta zaɓi wanda za a kashe, wa zai ɗauki alhakin jinin?

Bakatsine a Abuja:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana a kan jirage marasa matuƙa da ake sa musu ƙirƙirarriyar basira. A rahoton da kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya ya fitar a watan Maris na 2021, an ambaci wani ƙaramin jirgi ƙirar Turkiyya mai suna Kargu-2, wanda aka yi amfani da shi a 2020 wajen bin sawun mayaƙan Khalifa Haftar, jagoran sojin gabashin Libiya, da ke ja da baya, kuma an tsara shi yadda zai iya kai hari ba tare da jiran umarnin mai sarrafa shi ba. Idan irin wannan makami ya hallaka wanda bai ji ba bai gani ba, wa za a kama: kwamandan da ya sake shi, ko kamfanin da ya ƙera shi, ko wanda ya rubuta manhajarsa?

Malam na Rigasa:
Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin a kai ga makamin da ke yanke hukunci da kansa, wanda mutum ke riƙe da linzaminsa ma ya sa mu kuka. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na rundunar sojin ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, aka rasa rayuka aƙalla 85, Allah ya jiƙansu. Haka a Kabul, ranar 29 ga Agusta, 2021, sojojin Amurka sun yini suna bin wata farar mota ta kyamara, suka ɗauki jarkokin ruwan da ake lodawa a matsayin abubuwan fashewa, suka kashe mutum goma 'yan gida ɗaya, bakwai daga cikinsu yara, daga baya kuma ma'aikatar tsaronsu ta ce babu wanda za a hukunta. A duka biyun mutum ne ya danna. Abin da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne na mutane da aka hango daga sama, ba ya nuna cewa yabon Annabi ake yi, ba ya nuna cewa ruwan sha ne a jarka. Idan har mai hankali ya ruɗu da wannan hoto, ban ga yadda manhajar da aka horar da irinsa za ta tsira ba.

Hajiya Malamar Shari'a:
Malam mai tambaya, a dokar yaƙi alhaki ba ya sauka a kan ƙarfe, yana kan ƙasa da kwamandan da ya ba da umarni. Ƙarin yarjejeniyar Jiniba na 1977 ya wajabta bambance mayaƙi da farar hula, sashe na 36 kuma ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin tantance sabon makami kafin ta fara amfani da shi. Mu ma mun san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf. Matsalar ita ce kotu tana neman niyya ko sakaci, alhali kwamandan zai ce bai san abin da na'urar za ta zaɓa ba, kamfanin kuma zai ce ba shi ya tura ta fagen daga ba, sai jinin ya bi iska. Saboda haka ne Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, da shugabar ƙungiyar Red Cross ta duniya suka yi kira a Oktoban 2023 da a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe zuwa 2026, kuma a Disamban 2023 ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan batun. A ganina, makamin da aka tsara don ya zaɓi ɗan Adam da kansa haramta shi ya dace, ba gyara shi ba.

Injiniya daga Maraɗi:
Hajiya, ina tare da ke, amma fagen yaƙi yana gudu fiye da teburin shawara. A Yukiren, ƙaramin jirgin da bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba yana lalata tankar miliyoyi, kuma da yake kowane ɓangare yana toshe siginar da ke haɗa jirgin da mai sarrafa shi, dole ta sa ake koya wa jirgin ƙarasa harin da kansa idan layi ya yanke. Arhar ce ta fi tayar min da hankali, domin ta fitar da makamin daga hannun manyan ƙasashe: birnin Port Sudan, da ake gani tudun mun tsira, ya sha hare-haren jirage marasa matuƙa a Mayun 2025, mayaƙan ISWAP ma sun fara amfani da na kasuwa a yankin Tafkin Chadi. Sai kuma batun sauri. A 1983 na'urar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami, jami'in da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ƙi yarda da ita, kuma ya yi daidai. Tsarin da ake ginawa yanzu yana rage wa irinsa lokacin da zai tsaya ya yi shakka, shi ya sa nake ganin ya kamata yarjejeniyar ta fayyace tsawon lokacin da dole a ba mutum kafin a harba.