Manhajar da ba a gama ba: a gwada ta a ofis ko a jira?

Injiniya: Assalamu alaikum. Duk ma'aikatar da ke Yamai da ba ta ware ko kwamfuta ɗaya don gwada manhaja kafin fitowarta ba, kanta take cuta. Ina cikin Windows Insider, shirin gwada Windows kafin fitowarta da Microsoft ya buɗe a 2014, kuma abin da zai iso teburinku gobe, ni yau nake ganinsa.

Hajiya mai lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka gani kai kaɗai. Ni albashin mutane ke hannuna. Ga ƙarshen wata, ga wuta tana ɗaukewa, ga reso ya yi ƙasa, sannan in ƙara wa kaina abin da masu shi ma suka ce ba su gama ba? Ai ba a kai wa baƙo ɗanyen tuwo.

Injiniya: Hajiya, ban ce a kan kwamfutarki ba. Ɗaya daban, wadda ko ta mutu babu asara.

Mai gyara daga Katako: Ina bayan Injiniya. Wanda aka ce an gama ma yana kayar da mutum. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya saki sabuntawar manhajarsa, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya, har jirage suka kasa tashi. Wannan ba na gwaji ba ne, an tura wa kowa ne lokaci guda. Hajiya, ko me za ki ɗora, fara da na'ura ɗaya.

Malamin kwamfuta: Wannan hujjar taka-tsantsan ce, Alhaji, ba ta shiga gwaji ba. Ku tuna sabuntawar Windows 10 ta Oktoban 2018 da ta goge wa wasu fayiloli har aka janye ta. Ƴan gwaji sun kai ƙorafi tun kafin a sake ta, ba a kula ba. To ƙorafin mutumin Yamai wa zai karanta?

Injiniya: Malam, ko ba su karanta ba, ni na sani. Na gwada wata manhajar lissafi kafin ta fito. Na rubuta sunan da ke da ƙ da ɗ, a allo lafiya lau, a kan rasit sai alamar tambaya. Kuɗin sefa ta liƙa masa waƙafi da sifili biyu, alhali sefa ba ta da wannan. Harajin TVA na kashi 19 sai da na saka da hannu. Mafi muni, na cire wayar intanet ana tsakiyar rubuta rasit, komai ya tafi. Da ranar kasuwa aka gano haka, ga layin mutane a tsaye, me za a ce musu? Wanda ya rubuta ta bai taɓa zama inda wuta ke ɗaukewa da tsakar rana ba. Idan ba mu muka gwada ba, babu mai yi mana.

Ɗalibi: Yaya, wa ke biyan kuɗin data? Kowane sabon zubin gwaji da za a sauke gigabait da yawa ne, aikin kyauta muke yi wa masu kuɗi. Kuma tsofaffin kwamfutocinmu da yawa ba su da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, Windows 11 ba ta yarda da su, ga Windows 10 an daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Wannan ya fi damuna.

Mai gyara daga Katako: Yaro ya faɗi gaskiya. Irin waɗannan kwamfutocin, Ubuntu nake sa musu a madadin Windows, mai LTS, wato wadda ake kula da ita shekara biyar.

Malamin kwamfuta: Ni dai ban sauka ba. Ofis ya zauna kan abin da ya daɗe, gwaji a yi shi a aji.

Hajiya mai lissafi: Maganar rasit ɗin ce ta taɓa ni, don sunayen abokan cinikinmu cike suke da ƙ. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a sito, batirinta ya mutu. Ka zo bayan la'asar, ƙanena. Amma takardar albashi ba za ta hau kanta ba, ko kwafi. Sunayen ƙarya za ka zuba.