Ɗan hayata yana karɓar tallafin gida, haya ta kasa cika: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila, musamman masu gidan haya. Shawararku nake nema.

Ina da ɗan fulat mai ɗaki ɗaya a Bradford, da bashin banki na saye shi. Wani matashi ne a ciki, shekararsa 31, ba shi da iyali, kuma shekara uku bai taɓa saɓa mini ba. Da aikinsa ya tsaya sai ya koma Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga marasa aiki da masu ƙaramin samu, wanda ya haɗa da kuɗin haya. Sati biyar ya jira kafin kuɗin farko su shigo, na yi haƙuri. Da suka shigo ya zo da wayarsa ya nuna mini, kansa a sunkuye: ashe marar iyali da bai kai shekara 35 ba, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan da ake zama tare da wasu kawai ake lissafa masa, ba na fulat ba. Haya fam 550 ce, abin da aka ba shi bai kama ƙafarta ba. Banki kuwa bai san uzuri ba, ranar ɗaya ga wata yake zare nasa.

Na san idan bashin haya ya kai na wata biyu, mai gida na iya neman a riƙa turo masa kuɗin hayar kai tsaye daga tallafin. Ya kusa kaiwa. To amma ko an turo, giɓin yana nan.

Wanda ya taɓa cike takardar neman a turo kuɗin kai tsaye, wata nawa ta ɗauka? Ana iya cirar tsohon bashin daga tallafinsa kaɗan-kaɗan ba tare da an bar shi da yunwa ba? Ƙarin taimakon ƙaramar hukuma fa, shi zai nema ko ni? Wallahi ba na son korarsa.