Malamin adabi ya danne min maki a kan Hemingway, ku yi min alƙalanci

Sadiq Ɗan Aji Uku: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. An ba mu asaimen kan adabin Amurka, na rubuta cewa Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya haifi sabon salon rubutunsu na shekarun 1920, saboda samarin da aka cika wa kunne da zancen jarumta da kishin ƙasa sun je sun ga gawarwaki kwance cikin taɓo, suka dawo ba sa yarda da manyan kalmomi, shi ya sa soja irin Hemingway yake jimla gajera ba ado ba kwalliya. Har na kawo inda mai ba da labari a littafinsa A Farewell to Arms na 1929 yake nuna kalmomin ɗaukaka da sadaukarwa kunya suke ba shi, sunayen ƙauyuka da lambobin runduna kaɗai suka rage da mutunci. Malam ya ja min jan biro wai na sauƙaƙa magana, ya ba ni maki kamar sadaka. Ina laifina?

Ticha Bala: Ɗalibi, laifinka na farko Hemingway ba soja ba ne. Direban motar ɗaukar masu rauni ne na Red Cross a Italiya, yana ɗan shekara 18. Daren da aka ji masa ciwo a Yulin 1918 a bakin kogin Piave ma cakulan da sigari ya kai wa sojoji.

Ɗan Barikin: Haba Ticha, bom ɗin da ya faɗo ya tsaya tambayarsa katin aiki ne? Mutum an ciro masa ɓarɓashin ƙarfe a ƙafafu, Italiya ta ba shi lambar yabo, kai kana zaune ƙarƙashin fanka kana cewa ba soja ba.

Ticha Bala: Soja shi ne wanda ya shiga aikin soja, ba wanda tsautsayi ya faɗa wa ba. In kaki ake nema ga marubuci Fitzgerald nan, laftana ne sukutum, amma har aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918 bai taka jirgin ruwa ba. Faulkner kuma, shi ma marubuci, Kanada ya je koyon aikin jirgin sama, yaƙi ya ƙare bai ga filin daga ba, ya koma Mississippi yana ɗingishi da sanda yana barin mutane su ɗauka a fagen fama ya samo.

Ɗan Barikin: To ka ga naka sojojin kenan, ɗaya bai je ba ɗaya maƙaryaci 😂

Aunty Zee: Ku dan Allah ku dawo kan maganar yaron. Malaminsa yana da gaskiya ta wani ɓangaren, domin salon ya riga yaƙin. Gertrude Stein ta fitar da littafinta Tender Buttons a 1914, waƙar Prufrock ta Eliot ta fito a 1915 kuma tun wajen 1911 ya rubuta ta, Amurka kuwa sai Afrilun 1917 ta shiga yaƙin. Yaƙi dai ya samar musu masu karatu da suka gaji da wa'azin dattawa, ya kuma ba marubuta irin su Dos Passos da Cummings abin faɗa, su ma ɗin motar asibiti suka tuƙa.

Ɗan Barikin: Aunty kin ji ko, su ma direbobi. Kenan direbobin ne suka rubuta yaƙin, sai Ticha ya je ya kai ƙara.

Baban Khairat: Ni abin da ya ɓata min rai shi ne raina mai ɗauko masu rauni. Kakana kayan sojoji ya yi ta ɗauka a kai a yaƙin Bama, ya dawo da ciwon ƙirji har ya rasu, wani ya zo ya ce min ba soja ba ne mu gani.

Ticha Bala: Allah ya jiƙan Baba, amma Bama yaƙi na biyu ne, muna maganar na ɗaya.

Baban Khairat: Harsashin na biyun roba ne?

Mai Shayi FC: Ku bar wahalar da kanku, ba wani baƙin cikin yaƙi. An hana giya a Amurka a 1920, kuɗin Faransa ya faɗi dala ta yi tsada, matasan marubutan Amurka suka kwashe zuwa Paris suna sha da arha suna kiran kansu ɓatacciyar tsara. Sunan ma a bakin mai garejin mota Stein ta tsinto shi.

Aunty Zee: Kuma ba wanda ya tuna baƙaƙen runduna ta 369 daga unguwar Harlem ta New York da suka yi yaƙi ƙarƙashin Faransawa, suka dawo 1919, shekarar da aka yi tarzomar wariya a garuruwa irin Chicago. Nasu yanke ƙaunar ba a lissafawa?

Ɗan Barikin: Aunty waɗannan kam sojoji ne, ko Ticha?

Admin: Toh ya isa haka, an kusa kiran magariba. Abin da aka cimma shi ne kowa ya amince Hemingway ya ga wuta da idonsa don haka soja ne, Faulkner kuma ɗan burga ne wanda dama ni ban taɓa iya gama littafinsa ba. Ticha ya kasa kawo hujja. Zancen Aunty na shekaru mai tsawo ne, wanda ya karanta ya faɗa mana. Mai Shayi kuma gargaɗi na ƙarshe kan zancen giya a gidan nan. Na rufe.

Ticha Bala: Wane kowa? Admin ai ƙanin Ɗan Barikin ne, uwa ɗaya uba ɗaya.