Na karɓi kuɗin mutane a kan littafin da ban gama ba, yanzu na maƙale

Ummu Nabila:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ku yi haƙuri da tsawon bayanina, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Wannan ne littafina na farko, kuma labarin gwaggona ne ya sa na fara shi. An aurar da ita tana shekara 15, ta yi zaman kishi da mata biyu a gidan haya a Zariya, sai da ta haifi 'ya'ya shida sannan ta shiga makarantar yaƙi da jahilci. Tun ina ƙarama nake jin labarin a bakinta idan muna tsinkar zogale a tsakar gida. Takan tsaya a tsakiyar magana ta goge ido da gefen zaninta ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Na canza sunaye da gari, na ƙara nawa a ciki.

Bayan ƙaramar Sallah na fara sakinsa a Wattpad, manhajar ɗora labarai, da zaurukan WhatsApp guda huɗu. Da dare nake taifin a waya idan yara sun kwanta. Shafi 15 na farko kyauta na bayar, mutane suna ta yabawa, sai ƙawata ta ce in mayar da shi na kuɗi. Na sa naira 500, mutum 46 suka biya, na buɗe musu zaure na daban. Ina shafi na 23 na ci karo da shafi na 22 a wani zauren da ban taɓa tura komai ba, an goge sunana daga sama. Tun ranar hannuna ya mutu. Sati uku ban saki komai ba, wasu har sun fara cewa in dawo musu da kuɗinsu, kuɗin kuwa ya tafi a gyaran gilashin waya da sayen data. In ci gaba ne, in mayar da shi kyauta, ko in nemi rance in biya su?

Anty Rabi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ki amsa min tambaya ɗaya: kin san ƙarshen labarin nan? Don ban ga inda kika faɗa ba. Ni tun lokacin da ake kai littafi ɗab'i a sayar a kasuwar Sabon Gari ta Kano nake rubutu, lokacin da ake fitar da na ɗaya da na biyu, mata suna karɓar haya suna jiran na uku. Ko a wancan zamanin marubuciyar da ta bar mutane a rataye ba ta sake samun kasuwa. Abin da nake gaya wa duk wata sabuwa shi ne, kada ki saki shafi ko ɗaya sai kin rubuta "Tammat bi hamdillah" a ƙarshe. In ba za ki iya ba, to ki tara shafi 20 a ajiye kafin ki fara, don ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko aka yi kwana biyu babu wuta ki sami abin turawa. Kuɗin nan da kika karɓa bashi ne a wuyanki har sai sun karanta shafin ƙarshe. Naira 23,000 ne fa, ba wasa ba.

Ummu Nabila:
Anty na san ƙarshen mana, ai labarin gaskiya ne. Tsakiyar ce kawai ban gama tsarawa ba. Kuma ni sharhin masu karatu ne yake ba ni ƙarfin gwiwa, in na ce sai na gama duka kafin in saki, wallahi ba zan taɓa gamawa ba.

Anty Rabi:
To ai tsakiyar ita ce littafin. Farko da ƙarshe kowa yana da su a ka. Ki ɗauki littafin rubutu na makaranta yau ɗin nan, ki jera abin da zai faru daga shafi na 24 zuwa ƙarshe, layi ɗaya ga kowane shafi. In kin ga bai kai 60 ba, kada ki ja shi. Sharhin da kike jin daɗinsa shi ne yake ɓata sababbin marubuta, wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a dawo da saurayin farko, kafin ki ankara labarin ya fita daga hannunki.

Maman Sadiƙ:
Ni maganar fitar da littafin daga zauren kuɗi ce ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Bara wani mai tasha a YouTube ya kwashe littafina kakaf ya karanta shi da murya, kashi 38, ko sunana bai ambata ba. Ƙanwar mijina ce ta kunna a kicin tana girki, ina daga falo na ji sunan jarumata, na taso da gudu ko ɗankwali babu. Da na yi masa magana sai ya ce wai talla yake min. Wata bakwai na yi ina taifin littafin nan, babban yatsana har kumbura ya yi, shi kuma yana can yana cin gumina. Ni dai na bar shi da Allah. Ummu Nabila ki koma Telegram, can za ki iya kulle zaure yadda ba a tura saƙo waje, ba a kuma ajiye shi.

Malam Isuhu:
Maman Sadiƙ, barin shi da Allah bai hana ki neman haƙƙinki ba. YouTube suna da fom na kai ƙarar satar fasaha, kuma tashar da aka kama sau uku ana iya rufe ta. A Najeriya ma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi yadda za a nemi a sauke abin da aka sata aka ɗora a intanet. Haƙƙin rubutu naki ne tun ranar da kika rubuta shi, ko ba ki yi rajista ba. Ummu Nabila kuma, na leƙa shafukanki na kyauta. Labarin yana da daɗi, amma kina haɗe kalmomi, "yace" da "tayi" da "zanje", kuma ba kya bambance "kafa" da "ƙafa". Ki sa madannin da yake da baƙaƙe masu ƙugiya a wayarki. Ni da zan ba ki shawara ma, da gajeren labari za ki fara. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yin ta don mata, kalma 1,000 zuwa 1,500, nan ne ake koyon riƙe labari.

Ummu Nabila:
Na gode Malam, amma masu karatuna ba su taɓa ƙorafi a kan rubutun ba. Telegram kuma yawancinsu ba su da shi, matan gida ne, WhatsApp ɗin ma da kyar wasu suke samun data.

Anty Rabi:
Telegram ba zai hana komai ba. Mai son fitarwa da wata wayar za ta ɗauki hoto, ko ta zauna ta sake taifin ɗinsa. Babu marubuciyar da ba a fitar wa littafi. Waɗanda suke biya ba don babu shi a waje suke biya ba, don suna son su riga kowa karantawa ne, kuma suna ganin girmanki. Kin hukunta mutum 45 saboda laifin mutum ɗaya. Ki shiga zauren yau ki ba su haƙuri, ki sa musu rana biyu a sati, Litinin da Alhamis, ki tsaya a kai ko sama da ƙasa za su haɗe. Sannan ki ajiye kwafin kowane shafi a imel ɗinki. OkadaBooks da marubutanmu da yawa suke ɗora littattafai an rufe shi a ƙarshen 2023, kada ki dogara da manhaja ɗaya.

Zainabu ta Maraɗi:
Ni mai karatu ce, ba marubuciya ba, ku bari in faɗi namu ɓangaren. Mu a nan Nijar sai mutum ya je ya tura kuɗi ta Nita ko ya sayi katin waya, ya ɗauki hoton shaida ya aika, ya jira a saka shi a zaure. Sau biyu ina biya marubuciya ta tsaya a tsakiya. Ɗaya ta ce ta yi haihuwa, muka yi mata barka muka jira, ashe sabon littafi ta fara a wani wuri. Abin da ya fi ciwo shirun ne. Da za ta fito ta ce ga halin da take ciki, wa zai matsa mata? Ni a ganina ki mayar wa duk wadda ta nema kuɗinta, ko da kaɗan kaɗan ne.

Anty Rabi:
A'a Zainabu, in ta fara mayarwa kowa zai taso, da wadda ta nema da wadda ba ta yi niyya ba. Littafi suka saya, littafi za ta ba su.

Hajiya Talatu:
'Yata, duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Ita gwaggon taki ta san kina sayar da labarin gidanta? Kishiyoyin nan suna da 'ya'ya da jikoki, kuma su ma suna riƙe da waya. Canza suna ba ya ɓoye gida ga wanda ya tashi a cikinsa. Ko kin tabbata wadda ta fitar da shafin ba 'yar dangi ba ce?

Ummu Nabila:
Hajiya, gwaggo ba ta sani ba, amma ban faɗi wani mugun abu a kanta ba, ita ce ma jarumar. Kuma babu ɗan uwana a zauren, sai 'yar ƙanwar babana guda ɗaya, ita ma kyauta na saka ta. Ba za ta yi min haka ba. Anty Rabi, rana biyu a sati ba zai yiwu min yanzu ba, jarrabawar yara ta kusa. Ina tunanin in rufe wannan zauren in buɗe sabo, in saka waɗanda na yarda da su kaɗai. Masu neman kuɗinsu mutum tara ne zuwa yanzu.

Maman Sadiƙ:
Malam Isuhu, fom ɗin nan ana iya cike shi a waya, ko sai da kwamfuta?

Ummu Nabila:
Masu neman kuɗin sun zama goma sha ɗaya. Ɗaya ta ce in ban yi magana zuwa Juma'a ba za ta sa sunana a sauran zauruka. Anty Rabi kina kusa?